Kantu Biyu da Ƙwarya a Kife

A ƙasarmu babu dutse. Daga ƙauyenmu kusa da Maijirgi har ka shiga Tasawa, in ka hau kan rumbu ka duba, ba abin da zai tare maka ido sai gawo da suri. Dutsen niƙa ma sayo shi ake yi daga nesa, mace ta yi niƙa a kansa har ta mutu, ɗiyarta ta gada. Na fara da wannan ne don a san irin mutumin da ya ɗauki alƙalami ya zana wa ɗansa duwatsun Abzin.

Sunana Inusa. Na yi shekara uku a lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, zamanin da ake karɓar yara ko iyayensu ba su so. Na fito da karatu da rubutu gwargwado, wanda ya isa a riƙa kawo mini wasiƙa in karanta, a kuma ce mini malam. Ƴaƴa maza huɗu muka haifa da matata Zara'u, ɗaya ya tsaya mana, Laminu. Shi ne na fari, don haka uwarsa ba ta faɗin sunansa, Ɗan Azumi take ce masa.

Sidi baƙon gidanmu ne, mutumin Abzin, kamar yadda ubansa ya kasance baƙon ubana. Kowace shekara bayan kaka yakan zo cikin ayarin gishiri ya sauka a gonata, da dabino da kantu, wato curin gishirin nan mai tsini. Raƙumansa su ci kara da harawar gyaɗa, su bar mini taki. In zafi ya tsananta, sai su ɗaure hatsi su nufi arewa kafin ruwa ya sauka. Shekara ashirin da biyu muna haka. A gwiwarsa Laminu ya girma yana jin labarin Bagzan, dutsen da Sidi yake zaune a kansa.

"Ya kai tarin buhunan gyaɗa na Tasawa tsawo?" Laminu ya taɓa tambayarsa yana yaro.

Sidi ya yi dariya har rawani ya zame masa daga baki. "Ku mutanen rairayi, in kaza ta hau turmi sai ku ce ta ga duniya."

Ya ce Bagzan ba dutse ɗaya ba ne mai tsini. Ƙasa ce guda aka ɗaga sama, shimfiɗaɗɗa kamar faifai, gefenta a tsaye kamar bango. A bisa akwai ƙauyuka da garake, da alkama da albasa da idanun ruwa. Da sanyi ruwa kan daskare cikin salka. Raƙumi mai kaya ba ya hawa, sai jaki da mutum. Kan da ya fi kowane tsawo shi ne Idukal, daga nan in sarari ya buɗe kana hango Todra baƙi ƙirin ta wajen kudu, da Tamgak can arewa kamar hayaƙi. Laminu ya haddace sunayen nan tun kafin ya haddace sunayen kasuwannin ƙasarsa.

Shekara ta biyu da samun mulkin kai gyaɗa ta yi albarka, manyan motoci suka yawaita a hanyar Tasawa. Wata rana Sidi yana dawowa daga kasuwa, wani kamyo, babbar motar kaya, ya wuce shi da ruri, raƙumi ya zabura ya yar da shi. Ƙashin ƙugu ya karye. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma tsoho ne, zazzaɓi kuma ya shige shi, yana zuwa yana tafiya. Da tashin ayari ya matso, kowa ya san bana ba da Sidi za a koma ba.

Ya kira ni ya ce abu ɗaya yake so. A kai takobinsa hannun matarsa Lalla a bisa Bagzan, ta ajiye wa jikansu, a kuma gaya mata gidan da yake kwance, kada ta tsinci labarin a bakin ƴan hanya. Madugun ayarin, Sanda, shi da mutanensa ƴan Timiya ne. Hanyarsu ta gefen Bagzan take wucewa, ba su taɓa hawansa ba, ba kuma wanda zai bar raƙumansa kwana huɗu don saƙo.

"Ni zan kai," in ji Laminu. Shekararsa ashirin da uku lokacin.

"Kai da ba ka taɓa hawa abin da ya fi rumbu ba?"

"Baba, rumbun ma kai sai da tsani."

"Damina na tafe. Wa zai riƙe mini hauya?"

"Kafin noman fari na dawo."

Na ce a'a, na sake cewa a'a. Kwana biyu ina cewa a'a. A rana ta uku Zara'u tana zuba mini ruwan alwala ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, mutum ya yi shekara ashirin yana sha cikin ƙwaryarka, yau ya roƙi abu ɗaya." Na yarda. Amma na sa sharaɗi: ba zai tafi da hanya a ka ba, sai a takarda. Kai yakan manta, takarda ba ta mantuwa. Haka mushe, wato malamin da ya koyar da mu a lakwal, yakan ce, ni kuma na riƙe.

Ana jajiberin tashi, Laminu ya tafi Tasawa sayen salka da takalmin taya. Bayan azahar zazzaɓi ya saki Sidi, idonsa ya washe. Muka jingina shi da bangon zaure ta ciki, na shimfiɗa tabarma na zauna gabansa ina fuskantarsa, da kayena, littafin rubutuna na lakwal, a gwiwa. Ya ce a kawo masa ƙwarya, da kan kantu guda biyu, da gyaɗa ɗaya, da ƙwallon dabino. Ya shafe rairayin da ke tsakaninmu da tafin hannu.

Ya ajiye gyaɗar kusa da gwiwarsa. "Wannan rijiya ce. Nan Sanda zai bar shi." Ya miƙa hannu ya kife ƙwaryar daf da tabarmata. "Wannan Bagzan." Sannan ya kafa kantu biyun a tsakani, kafaɗa da kafaɗa. "Waɗannan ƴan ƙofa ne. Suna da suna a bakinmu, amma harshenku mai kauri ne, ku ce Hasan da Usaini. Daga rijiya kansu ɗaya, ko uwarsu ba za ta raba su ba."

Da yatsa ya ja layi biyu, kowane ya zagaya gindin kantu ɗaya ta waje ya nufi ƙwarya. Ya ɗora ƙwallon dabino a kan layi ɗaya.

"Hasan ke nan. Ƙoramar gindinsa ita ce hanya. Wuni guda, akwai ruwa a tsakiya, daga nan ta hau." Ya taɓa ɗaya layin, ya janye yatsa da sauri. "Nan ba a shiga."

"Mi ke ciki?"

"Ba komi, Inusa. Shi ya sa."

Na duba abin da ke gabana. Ƙwarya tana kusa da ni, gyaɗa tana can nesa, ƙwallon dabino yana wajen hannuna na hagu. Sai na tuna mushe ya koya mana cewa a taswira arewa ce take sama. Dutsen nan kuwa arewa yake da rijiya. Don haka na zana Bagzan a saman takarda, na sauko da rijiya ƙasa, yadda mai karatu zai fara daga inda yake tsaye. Kantu biyun na zana su a tsakiya. Na sa alama a na hagu, inda na ga ƙwallon dabino, na rubuta da manyan baƙaƙe: HAGU, RUWA. Na danna alƙalami sosai don kada rana ta cinye rubutun.

Na miƙa wa Sidi ya gani. Ya ture takardar da bayan hannu.

"Ni ban san ƙasar da ake naɗewa a sa aljihu ba," ya ce, ya rufe ido.

Na kife babban kwando a kan kayan saboda awaki. Da Laminu ya dawo gab da magariba, zazzaɓi ya riga ya koma, Sidi yana ta magana da harshensu, ba ya gane kowa. Na gaya wa Laminu yadda aka yi. Ya durƙusa ya kai hannu zai ɗaga kwandon.

"Bar shi," na ce. "Tarkace ne. Ga shi nan na tsabtace maka a takarda."

Ya bari. Ya karanta takardar sau biyu, ya naɗe ta ya sa cikin laya ta fata ya rataya a wuya. Da safe ayari ya tashi. Uwarsa ba ta fito ƙofa ba, tana daka, amma na ji taɓaryar ta tsaya har ƙararrawar raƙumin ƙarshe ta ɓace.

Na hana a share wurin nan. Kowace safiya nakan ɗaga kwando in duba, ban san abin da nake nema ba. Rana ta uku tururuwa suka huda gyaɗar. Rana ta biyar wata akuya ta tura kai ta lashe kan kantu ɗaya, har ya fi ɗan uwansa gajarta. Na daki akuyar fiye da laifinta. Zara'u ta ce in ba zan ci tuwo ba in daina sa ta tuƙawa.

A rana ta takwas Sidi ya farfaɗo. Ya sha kunu, ya tambayi kwana nawa da tashin ayari, sannan ya ce yana so ya ga ƙasarsu. Na jawo shi inda ya zauna ranar nan. Wannan karon bango bai riƙe shi ba, yana zamewa, sai na zauna a bayansa na jingina shi da ƙirjina. Zara'u ta ɗaga kwando. Ta kan kafaɗarsa nake kallo.

Ya sa yatsu biyu a kan ɓawon gyaɗar, ya fara tafiya da su kamar ƙafafu.

"Ga ɗanka ya cika salka. Ya ba rijiya baya. Rana ta ɗaga, ga ƴan ƙofa a gabansa. Ya karkata dama."

"Hagu," na ce.

"Dama." Yatsun suka ci gaba, suka hau ƙwallon dabino.

Na duba. Ƙwallon dabinon yana inda yake tun ranar farko, ba wanda ya taɓa shi. Daga nan inda nake zaune, da rijiya a gwiwata da Bagzan a gabana, yana wajen hannun dama. Ranar da na zana, ina zaune ne a wancan gefen, kamar mai saukowa daga dutse. Na juya sama da ƙasa don in bi maganar mushe, ban juya dama da hagu ba.

Na ce wa Zara'u ta ɗauko kayen. Shafin da ke ƙarƙashin wanda na yage yana ɗauke da sawun alƙalami, saboda dannawar da na yi. Na karkata shi ga haske na karanta musu abin da na rubuta.

Sidi bai yi mini faɗa ba. Da ya yi da ya fi sauƙi. Ya daɗe yana kallon kantun da akuya ta lasa, sannan ya ce, "Ƙoramar Usaini ta fi faɗi. Tana da itatuwa a baki, da inuwa, rairayinta laushi. Ta Hasan ƙunci gare ta, duk tsakuwa. Baƙo ko ba takarda Usaini yake so."

"Ina take kaiwa?"

"Kwana ɗaya da rabi tana lanƙwasa. Kowace kwana ka ce ga hanya nan ta hau. Ƙarshenta bango ne mai sulɓi, inda ruwa ke faɗowa da damina. Yanzu ba damina ba ce. Wanda ya kai can salkarsa ta ƙare, komawa kuma kwana ɗaya da rabi."

Zara'u ta mayar da kwando a hankali ta rufe. "Kwana nawa ayari ke yi kafin rijiyar?"

"Ashirin. In raƙuma sun yi nauyi, da biyu."

"Saura sha biyu," ta ce. Ta shiga ɗaki ta fara ƙulla ƙuli-ƙuli da garin gero a tsumma. Ba ta ce mini tashi ba, ba ta kuma ce mini komi ba a kan takardar, har yau.

Washegari ina Tasawa. Na fara zuwa gidan waya. Ma'aikacin ya ce zai buga Agadas, amma wa za a ba? Na ce ɗana, yana cikin ayari. Ya ajiye alƙalaminsa ya ce, "Malam, ayari ba ya da akwati." Kwana biyu na yi a bakin hanya kafin wani mai kamyo da ake ce wa Gajere ya ɗauke ni bisa buhuna zuwa Damagaram. Can na yi kwana uku kafin a sami mai zuwa arewa. Bayan Tanut motar ta mutu sau biyu. Ina ƙirga kwanaki da ƙulli a bakin rigata, ƙullin yana gudu, motar tana rarrafe. Ranar da na shiga Agadas, kwana goma sha tara ke nan da tashin ayari.

Sunan Sidi ya yi mini amfani a zango. Aka haɗa ni da wani dattijo mai raƙuma biyu, Danda, wanda uwarsa ƴar Bagzan ce. Da na ba shi labari ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Kai ne mai rubutun?" Na ce ni ne. Ya durƙusar da raƙumi.

A rana ta biyu da fitowarmu na ga wani baƙin abu a gindin sama ta gabas maso arewa. Na ce hadari ya taso. Danda ya ce wannan hadarin tun zamanin Annabi Nuhu yake nan bai zubar ba, Todra ke nan. Bayansa wani dogon abu ya bayyana, shimfiɗaɗɗe a sama kamar an yanke shi da wuƙa. Ban tambaya ba, na gane ƙwaryar.

"Za mu kai kafin la'asar," na ce.

"La'asar ta jibi," in ji Danda.

A ƙasarmu abin da ido ya gani ƙafa na kai masa kafin rana ta faɗi. Can ba haka ba ne. Muna tafiya dutse yana tsaye, ba ya matsowa, girma kawai yake yi. Danda yana nuna mini da sanda: wancan ƙaramin kan da ke leƙowa daga bayan sauran shi ne Idukal, ya fi su duka, nisa ne ya rage shi. Duk inda na juya akwai wani baƙin kai yana kallonmu, wani a tsage, wani a karkace, ba ciyawa ba tsuntsu. Da rana duwatsun suna huci kamar murhu. Na tuna ɗana ya yi shekara goma sha biyar yana marmarin wurin nan.

Mun isa rijiyar da hantsin kwana na ashirin da huɗu. Tokar ayari tana nan, da kashin raƙuma wanda ya bushe. Danda ya murje ɗaya a hannu ya ce kwana huɗu. Na ɗaga kai, ga Hasan da Usaini, masu tsini, farare-farare a kai, kamar kantun da na bari a ƙarƙashin kwando. Gaskiyar Sidi, ba mai raba su.

Inda hanya ta rabu Danda ya sauka ya yi ta zagayawa a sunkuye. Ya kira ni. Ta dama, tsakanin tsakuwa, kashin jakuna ne birjik, tsoho da sabo, ko makaho zai san nan ake bi. Ta hagu rairayi ne mai laushi, a kansa sawun mutum ɗaya, mai zanen tayar mota. Sawun ya fara zuwa dama, taku kamar ashirin. Ya tsaya, ya tattake wuri ɗaya. Sannan ya dawo ya shiga hagu.

"Ya fito?" na tambaya.

Danda ya duba bakin ƙoramar daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce mu cika salkuna duka huɗu.

Ba zan iya faɗin tsawon ƙoramar nan ba. Itatuwan bakinta suka ƙare tun kafin azahar. Bango ya taso dama da hagu har sama ta zama kamar zare. In na kira sunan Laminu, ni da ban saba faɗinsa da ƙarfi ba, sai dutse ya maido mini sau uku, kowane ya fi na baya rauni. Danda ya ce in daina, ina ƙona ruwan bakina. Sawun yana gabanmu. Da farko dogon taku ne, na saurayi. Washegari ya gajarta, ya fara jan ƙafa. Mun wuce ƙasusuwan wani raƙumi, farare fes, sawun ya tsaya a gefensu, ya ci gaba.

Bayan azahar muka kai bangon. Ya fi rumbu ashirin a kan juna, baƙi, sulɓi kamar cikin tukunya. A gindinsa ga salka a yashe, busasshiya kamar ƙirgi. Ga takalmin taya ƙafa biyu an jera su, yadda mutum kan yi in zai hau abu. Ga wani ɗan dutse an danne takarda da shi. Rana ba ta ci rubutun ba ko kaɗan.

Kusa da wurin rairayi ya yi duhu, faɗin tabarma. Na zauna a gefensa. Danda ya bar ni a zaune ya yi ta dube-dubensa, ya daɗe. Da ya dawo ya buɗe hannu ya nuna mini kashin akuya.

"Ba gawa, ba kura, ba takobi," ya ce. "Ga sawun mata biyu, ga na maza huɗu, ga inda igiya ta goga dutse. Akwai tsaga can sama da mata masu kiwo suke leƙowa. An ɗauke shi."

"Da rai?"

"Rairayi bai faɗa mini ba."

Tsagar ba ta hawuwa daga ƙasa sai da igiya. Dole muka koma kwana ɗaya da rabi, muka shiga ta Hasan, muka sha ruwa daidai inda Sidi ya ajiye ƙwallon dabino, muka bar raƙuma muka hau da ƙafa. Kwana uku na yi ina tafiya ban san ko ni uban mai rai ne ba. A wasu wuraren da hannu da gwiwa na hau, ban duba ƙasa ba. Da muka fita sama sai ga ƙasa shimfiɗe, ga korayen garake, ga iska mai sanyi, kamar yadda aka faɗa.

Wata tsohuwa doguwa ta fito daga wani gidan dutse, Lalla ke nan, matar Sidi. Takobin Sidi yana rataye a bakin ƙofa. Ta dube ni ta yi magana, Danda ya juya mini: ta ce ƙafarka irin ta ɗanka ce, shigo.

Laminu yana kwance a kan fata. Leɓɓansa sun tsage sun yi baƙi, ƙafarsa ta dama an ɗaure ta da itace daga cinya har idon sawu. Ya yi ƙoƙarin tashi ya gaishe ni, na danne shi.

"Baba, wa ka bar wa gona?"

"Gona tana nan."

"Na kai saƙon. Ɗauke ni aka yi, amma na kai." Ya yi ɗan murmushi, leɓen ya fashe. Ya ce ya hau bangon kusan rabi kafin ya zame. Ya kwana biyu a ƙasa yana buga kuben takobi a dutse, har wasu mata suka ji.

Na fito da takardar. Na gaya masa inda na zauna, da inda Sidi ya zauna, da maganar mushe, da kwandon da na hana shi ɗagawa. Ban rage komi ba. Ya saurara idonsa a kan rufin ɗaki.

"Na ga kashin jakunan, Baba," ya ce. "Na gani da idona. Har na fara bi. Sai na ce Baba ya yi lakwal."

Ba da zafi ya faɗa ba. Ya nemi ruwa, Lalla ta ɗaga kansa ta ba shi.

Na yi kwana shida a bisa. Mai ɗorinsu ya ce ƙashin ya karye wuri biyu, ba mai saukar da shi ta hanyar nan bana. Hadari kuwa ya fara haɗuwa ta kudu, gero ba ya jiran kowa. Na sauko ni da Danda.

Na tarar an yi ruwan shuka, Zara'u da maƙwabta sun shuka mini rabin gona. Sidi ya rasu kwana tara kafin in iso, an binne shi kusa da ubana. Zara'u ta ce kullum yana tambaya ko an ji labari. Na gaya mata ɗanta yana da rai, ta zauna a bakin turmi ta rufe fuska da gefen zane, ta daɗe. Da na ɗaga kwandon, ruwa ya bi ta ƙasa ya narkar da gishirin. Ƙwarya ce kawai, da farin zobe biyu a rairayi.

Bayan kaka ayari ya zo, ba Laminu. Sanda ya ce ya gamu da mutanen Bagzan a rijiya, sun ce yana takawa da sanda, yana ban ruwa a garkar Sidi, ƙafar ba ta yarda da gangara ba tukuna. Bana ma ayari ya zo ba shi, Laminu ya aiko wa uwarsa da albasa da busasshen ganyen magani, ni kuma da gaisuwa. Da za su koma na zauna na cika shafi biyu, na kai wa Sanda a gona yana ɗaure kaya.

Bai karɓa ba. Ya gyara rawaninsa, ya dubi raƙuminsa, ya ce, "Malam Inusa, kada ka ji haushi. Ɗanka ya ce in akwai magana, ka gaya mini da baki."

Na mayar da takardar aljihu. Na zagaya na tsaya a gefensa, kafaɗata daidai da tasa, muna fuskantar arewa mu biyu, sannan na fara faɗa.